Zaɓen Sarkin Zazzau a Shekarar 1897

Kalmar "zaɓe" tsohuwa ce a Hausa, amma abin da take nufi a Zazzau cikin ƙarni na 19 ya bambanta da na zamanin ƙuri'a. Tun bayan jihadi sarauta tana kewayawa ne tsakanin gidaje uku, watau Mallawa, zuriyar Malam Musa, da Barebari, zuriyar Yamusa, da Katsinawa, zuriyar Abdulkarimu. Sulluɓawa sau ɗaya kurum suka ɗanɗana ta, zamanin Abdussalami. Idan sarki ya rasu, masu zaɓe su kan tsai da sunaye a aika Sakkwato, sa'an nan Waziri, wanda shi ne ƙofar Zazzau wurin Sarkin Musulmi, ya naɗa wanda aka yarda da shi. Ikon nan na Sakkwato kuwa ba na fatar baki ba ne. Ta tuɓe Sidi Abdulƙadir, ta tuɓe Abdullahi har sau biyu, ta kuma tuɓe Sambo a 1888.

Ana nan, a 1897 Sarki Yero ya rasu. Shi Babarbare ne, saboda haka kowa ya zaci sarauta za ta koma wani gida, Waziri Buhari ma da wannan niyya ya iso Zariya. Amma Madaki Kwasau, ɗan Yero, yana riƙe da 'yan bindigar da ubansa ya tara, ya kuwa nuna a fili ba zai ba da kai ba sai an gwabza. Da Waziri ya ga haka, sai ya naɗa shi. Tun zamanin Malam Musa ba a taɓa yin ɗan da ya hau gadon ubansa nan take ba sai a ran nan. A kira wannan zaɓe, lalle an yi wa kalmar alfarma.

Mutanen Makarfi da Ikara da Kudan ba su da baki cikin wannan sha'ani, amma har ƙofar gida ya kan iske su. Garuruwan ƙasar suna hannun hakimai ne mazauna birni, masu aiko da jakadu karɓar haraji. Sabon sarki kuwa ya kan fid da mutanen gidan da ya gada, ya sa nasa. Ashe kowane naɗi yana iya zuwa wa manomi da sabon ubangida da sabon jakada, ko wane da irin tasa yunwa.

Kwasau bai daɗe ba. Turawa suka tuɓe shi, a 1903 suka naɗa Aliyu ɗan Sidi, Bamalli, ba tare da an jira Waziri daga Sakkwato ba.