Ƙagaggun labaran zaman ƙauye: daga Ingila zuwa ƙasar Abzin

Gabatarwa

A adabin Ingilishi akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda ba yaƙi a cikinsa, ba kisa, ba doguwar tafiya. Abin da yake kawowa shi ne zaman yau da gobe na ƙaramin ƙauye: malamar makaranta, limamin coci, tsegumin maƙwabta, shigowar damina da fitarta. Manufar wannan maƙala ita ce a bi asalin wannan reshe, sannan a duba dalilin da ya sa bai yi saiwa a Hausa ba, tare da ɗaukar Agadas a matsayin misali.

Asalinsa a Ingila

Mary Russell Mitford ta fitar da Our Village kashi-kashi tsakanin 1824 da 1832. Elizabeth Gaskell ta biyo da Cranford a 1853, shekara biyu bayan ƙidayar 1851, wadda ta nuna cewa mazauna birane a Ingila sun zarce mazauna karkara. Flora Thompson ta buga Lark Rise a 1939, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, tana ba da labarin ƙauyen ƙuruciyarta na wajejen 1880. Dora Saint, malamar makaranta da ta yi suna da laƙabin Miss Read, ta fara da Village School a 1955. Abin lura a nan shi ne, duk sa'ad da masana'antu ko yaƙi suka girgiza karkara, sai irin wannan rubutu ya samu kasuwa wajen waɗanda suka riga suka baro ƙauye. Ke nan kewa ce uwarsa.

Hanyar da Hausa ta bi

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Yawancinsu labaran fita ne daga gida: yawon duniya, yaƙi, bauta da ƙetare hamada. Marubutan sun gaji tatsuniya da labaran fatake, inda sai jarumi ya bar gari kafin labari ya soma. Ko da ƙauye ya shigo daga baya, kamar a Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, ya shigo ne domin jan kunnen matasa masu gudu zuwa birni. Haka ma a Nijar, Aboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo (1978) kan ci-rani ya tsaya.

Agadas da kewa

Ƙasar Abzin ta ga sauyin da bai gaza na Ingila ba. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, sun watsa makiyaya zuwa Aljeriya da Libiya, sannan tawaye ya biyo daga 1990 zuwa 1995. Kayan labarin zaman lumana kuwa ga su nan birjik: lambunan Timiya da Tabelot, shirin ayarin gishiri zuwa Bilma, unguwannin tsohon gari da ke kewaye da hasumiyar babban masallaci, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Amma kewar gida, wadda Abzinawa ke kira assuf, kiɗan gita ne ya ɗauke ta, kaset na bin hannu zuwa hannu. Kaɗan ce ta shiga littafi, kamar tarihin rayuwar Mano Dayak da aka buga da Faransanci a 1996, bayan rasuwarsa.

Kammalawa

Ƙagaggen labari yana bukatar maɗaba'a da masu karatu da harshen gida, alhali lakwal a Nijar da Faransanci ta ginu. Saboda haka mai neman hoton zaman ƙauye na Abzin sai ya nufi waƙa da hirar tsofaffi, ya ɗauka ya rubuta tun suna da rai.