Daga Maƙwabci Zuwa Baƙo: Hayar Gidaje ta 'Yan Kwanaki a Unguwannin Basalona

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda hayar 'yan kwanaki ke mayar da unguwar zama masaukin masu yawon buɗe ido, da misalin birnin Basalona na ƙasar Sifaniya. Matsayinta shi ne, tashin kuɗin haya kaɗai bai isa ma'aunin ɓarnar ba.

Gabatarwa

Kamfanin Airbnb, da aka kafa a 2008, ya fara ne da saukar da baƙo a gidan da mai shi ke ciki. A Basalona abin ya rikiɗe: gida sukutum ake karɓewa daga hannun ɗan haya na shekaru, a ba mai kwana uku, domin ribar ta fi tsoka.

Tattaunawa

Binciken García-López da abokan aikinsa na 2020 ya gano cewa Airbnb ya ɗaga kuɗin haya da kashi 1.9 cikin ɗari a matsakaiciyar unguwa. Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. Amma a unguwannin da harkar ta fi kamari, haya ta tashi da kashi 7, farashin sayen gida kuwa da kashi 17. Wato nauyin ba a kan birnin duka ya sauka ba. Tsofaffin unguwanni irin su Gòtic da Barceloneta ne suka ɗauka.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa kamawa. A ƙofar bene sai a ga akwatin makulli mai lambobi, tsakar dare kuma ƙarar tayoyin jakar matafiya a lungu. Tsohuwar da ke hawa na uku ba ta san wanda ke kwana a bayan bangonta ba, balle ta bar masa sallahu. Mai gyaran takalmi ya rasa masu kawo masa aiki, shagonsa ya koma wurin sayar da tsaraba. Kowane shago da ya rufe yana ƙara wa sauran mazauna dalilin tashi, kowane gida da ya zama kango kuma baƙo ne ke shiga. Wannan ne ya fito da mutanen Barceloneta zanga-zanga a Agustan 2014.

Hukumar birnin ta gwada tara: a 2016 ta ci Airbnb Yuro 600,000 saboda tallar gidaje marasa lasisi. A Yunin 2024 magajin gari Jaume Collboni ya sanar da cewa lasisin hayar 'yan kwanaki guda 10,101 za su daina aiki a Nuwamban 2028, kuma a Maris 2025 kotun tsarin mulkin Sifaniya ta tabbatar da dokar da ya dogara da ita.

Kammalawa

Soke lasisi ba ya tilasta mai gida ya ba ɗan gari haya. Tuni wasu suka koma hayar 'yan watanni, wadda ta daɗe tana zille wa dokar ƙayyade kuɗin haya. Muddin ba a toshe wannan kafa a aikace ba, matakin 2028 zai rage baƙi ne kawai, ba zai dawo da maƙwabta ba.