Hotunan Masunta a Bakin Matan Fada: Tarihin da Ke Cikin Akwatunanmu

Duk wanda ya ambaci Argungu a duniya, hoto ɗaya ke zo masa a rai: dubban masunta sun ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da homa a hannu da gora a ƙirji. Wannan hoto gaskiya ne, kuma abin alfahari ne gare mu. Sai dai hoton sa'a guda ne daga cikin kwana ɗaya a shekara. Sauran kwanakin fa, wa ya ɗauke su?

Idan muka waiwaya baya, bikin kamun kifi a yadda aka san shi yau ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya su domin girmama baƙon, aka kuma rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, daga nan idon duniya ya ƙara juyowa kanmu. 'Yan jarida da baƙi suka riƙa zuwa da manyan kyamarori, su ɗauki giwan ruwa, irin mai nauyin kilo 75 da aka kama a 2005, su koma inda suka fito. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

To amma su a ƙasar Kabi ya girmi biki nesa ba kusa ba. Tun kafin 1934 kakanninmu suna gyaran ruwa da fashin ruwa a ƙarƙashin Sarkin Ruwa da Homa, kuma kowace yamma masunci yana bakin gaɓa yana jefa birgi ko yana duba mamarinsa. Wannan rayuwa ta kullum, 'yan gari ne suka ɗauke ta: malamin makaranta da ya sayi ƙaramar kyamara da albashinsa, ɗalibin da ya dawo hutu, ma'aikacin da ya fito shan iska bayan la'asar. Sha'awa ce kawai ta kai su, babu mai biyan su ko sisi.

Aikin kuwa yana da wuya a wancan zamani. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai an cika shi a aika birni a wanke, mai shi bai san abin da ya samu ba sai bayan kwanaki. Lokacin da suka fi so, wato dab da almuru, ya fi kowane lokaci yaudara. Idan rana tana faɗuwa a bayan masunci, ruwa yakan fito ja kamar garwashi, shi kuwa mutumin ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa, da birginsa a buɗe cikin iska. Hoton ya yi kyau matuƙa, amma fuska ta ɓace. Saboda haka idan ba a rubuta suna da shekara a bayan katin ba, da zarar mai hoton ya kwanta dama, babu sauran wanda zai ce wane ne wannan.

Waɗannan katuna shaida ne. An kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, dukkansu a saman ruwan da ke gangarowa zuwa gare mu, kuma dattawa sun sha faɗin cewa ambaliyar da ke cika fadama ta sauya tun daga lokacin. Tsohon hoto yana nuna inda ruwa yake kaiwa a da, da girman kifin da ake samu ba ranar biki ba, da irin jirage da kayan su da aka daina sassaƙawa da saƙawa. Shekarun da bikin ya tsaya, kimanin goma kafin a dawo da shi a 2020, sun koya mana cewa baƙi suna iya ɗauke ƙafa, masunci kuwa yana nan a bakin ruwa.

A yau kowane yaro yana da kyamara a wayarsa, hoto ya yi arha, ɓacewarsa ma ta yi sauƙi. Na da kuma gara da danshi suna cin su cikin adaka da ƙasan gado. Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fadar sarakunanmu, ya adana makamai da tambura na magabata. Muna ganin hotunan masunta sun cancanci irin wannan gata.

Don haka muna roƙon 'yan'uwa, na gida da na waje, kowa ya buɗe albam ɗin mahaifinsa, ya zauna da dattijon da ya rage a gidan, ya tambayi sunan mutum da wuri da shekara, ya rubuta tun ana iya tunawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka ɗauka da waɗanda aka ɗauka, Ya kuma albarkaci ruwanmu, amin.