Comic Sans: rubutun da aka zana domin kare

Wata uwa ta tsayar da ni a ƙofar lakwal, takardar ɗiyarta a hannu. Ta ce: "Mushe, me ya sa harafin a na littafi bai yi kama da wanda kuke yi a allo ba?" Tana da gaskiya. Na littafi yana da ƴar rumfa a kansa, namu kuwa zagaye ne da sanda. Babba ba ya ko lura, amma ga yaron ajin CI haruffa biyu ne daban. Shi ya sa malamai da yawa, har da ni, muka riƙe salon rubutun kwamfuta da ake kira Comic Sans.

Ba domin makaranta aka yi shi ba. A 1994 kamfanin Microsoft na Amurka yana shirya wata manhaja, Microsoft Bob, mai hoton kare da ke yi wa sabbin shiga jagora. Wani mai zanen haruffa na kamfanin, Vincent Connare, ya ga maganar karen an rubuta ta da Times New Roman, rubutun jarida. Abin bai kwanta masa ba. Sai ya duba littattafan labarin zane da ke ofishinsa, ya zana haruffa masu kama da na hannu: ba ƙafafu, layukan ba su miƙe sarai ba, kamar an yi su da alli. Abin dariya, bai samu shiga Bob ɗin ba. Ta ƙarin kayan Windows 95 ya fito, daga nan ya bazu duniya.

Yawan amfani ya jawo masa baƙin jini. An sa shi a takardun ofis, a gargaɗin haɗari, har aka kafa gangamin neman a hana shi. A 2012, lokacin da masana na CERN suka sanar da gano ƙwayar Higgs, Fabiola Gianotti da shi ta gabatar da sakamakonta, aka yi ta tsegumi. Ni ban ga laifin harafin ba. An yi shi domin gajeren rubutu mai fara'a, mutane suka ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Matsalata da shi daban ce. Connare bai zana ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Ka buga "baƙi", kwamfuta ta aro ƙ daga wani salo, ya tsaya a tsakiya kamar baƙon da ya ɓata hanya. Masu gaggawa sukan cire lanƙwasar, yaro ya karanta "baki". Na taɓa raba takarda haka, sai a aji na gane.

Yanzu darasin Hausa da Andika nake buga shi, salon da ƙungiyar SIL ta yi domin masu koyon karatu. Kyauta ne, a ɗinsa irin na allo ne, kuma haruffanmu huɗu suna ciki. Comic Sans na bar wa kanun takardun Faransanci da sanarwar wasan ƙarshen shekara.