Yadda Masu Gyaran Agogo Suka Ƙera wa Masuntan Amurka Kayan Fatsa

A farkon ƙarni na 19, a wani ɗan gari mai suna Paris cikin jihar Kentaki ta Amurka, an yi wani maƙerin azurfa kuma mai gyaran agogo, George Snyder, wanda in ya tashi daga shago sai bakin rafi da sandar fatsarsa. Kifin da yake nema shi ne wanda Amurkawa ke kira bas. Kore-kore ne, bakinsa wagege, kuma kamar giwan ruwa, abincinsa ƙananan kifaye ne da kwaɗi da duk abin da ya gifta ta gabansa. Laɓewa yake yi a gindin kututture ko cikin ciyawar ruwa, ya jira. Mai son kama shi sai ya tsaya nesa ya jefa koto daidai maɓoyarsa, domin da ya ga inuwar mutum ya nutse.

Jifar nan ita ce wahalar. Sandar gora da zare a ɗaure a bakinta ba ta kai koto nesa. Sai an haɗa mata kwarkwaro, wato ƙaramar na'urar da ke naɗe zare ta kuma sake shi. Turawan Ingila sun riga sun gwada kwarkwaro mai giya a ciki, amma nasu ba ya jure aiki. Snyder, wanda hannunsa ya saba da yanka haƙoran giyar agogo, ya zauna ya ƙera nasa da tagulla a wajajen 1820, mai laushin juyi har nauyin ɗan kifin da aka soka a ƙugiya ya isa ya warware zaren.

Sana'ar ba ta tsaya a kansa ba. A birnin Frankfort, wasu 'yan'uwa biyu, Jonathan da Benjamin Meek, su ma masu agogo da kayan ƙawa, suka ɗauka daga shekarun 1830, daga baya B. C. Milam ya bi sahu. Kwarkwaron Kentaki ya yi suna: a juya hannunsa sau ɗaya, abin naɗin ya juya wajen sau huɗu. Ɗaya bayan ɗaya ake yin su da hannu, wasu har da ƙananan duwatsu masu daraja a mazaunin ƙarfen, irin waɗanda ake sa wa agogo don rage gogayya. Kaya ne na masu hali, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. A 1881 wani likita, James Henshall, ya fitar da littafinsa mai suna Book of the Black Bass, ya ɗaukaka wannan kifi da manyan gari ke rainawa, ya kuma tsara sanda mai tsawon ƙafa takwas da inci uku wadda ta daɗe tana amsa sunansa.

Sai dai laushin juyin nan ya zo da nasa ciwon kai. Idan aka yi jifa, koto yana rage gudu a cikin iska, amma abin naɗin bai san an yi ba, yana ta juyawa yana aman zare. Kafin ƙiftawar ido zaren ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, abin da masuntan can ke kira sheƙar tsuntsu. Maganinsa kawai babban yatsa: a ɗora shi a kan zaren, a danna kaɗan-kaɗan yayin da koto ke tafiya, a tsayar cak lokacin da ya taɓa ruwa. Wanda bai ƙware ba yakan ɓata rabin yininsa a zaune cikin kwalekwale yana tsintar ƙulli da farce, kifi na ta tsalle a gefensa. Fiye da shekara ɗari ana fama da wannan. A 1897 William Shakespeare Jr. na garin Kalamazoo a jihar Mishigan ya kafa kamfani a kan wata dabara tasa mai shimfiɗa zare daidai wa daida a jikin kwarkwaro. Ta rage matsalar, ba ta kashe ta ba.

Waɗanda suka fi cin ƙarfinta, abin sha'awa, su ma daga teburin agogo suka fito. A ƙauyen Svängsta na ƙasar Siwidin akwai masana'antar ABU, wadda asalin aikinta agogo ne da mitar tasi. Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe kasuwar mitar, sai ta koma yin kwarkwaro, kuma a 1952 ta fito da jan Ambassadeur 5000. A cikinsa akwai birki mai aiki da kansa: idan juyi ya yi yawa, wasu 'yan ƙananan tubala sukan buɗe su gogi bango su rage shi. A Teksas kuwa wani mai gyaran agogo, R. D. Hull, ya bi ta wata hanya dabam. Tunda juyin abin naɗi ne ke kawo rikici, to a hana shi juyawa, a bar zare ya zame ta gefensa ya fita ta wani ɗan rami. Ya kai samfurinsa wani kamfani a birnin Tulsa mai suna Zero Hour Bomb Company, wanda ke ƙera nakiya mai agogo don rijiyoyin mai. Suka fara sayarwa a 1949, aka taƙaita sunan ya koma Zebco, kuma samfurinsu mai lamba 33 na 1954 shi ne ya sa yaro ɗan shekara bakwai ke iya danna maɓalli ya yi jifa ba tare da kuka ba. Idan ana lissafin abin da ya mayar da fatsa wasan kowa da kowa a Amurka, wannan ɗan kwarkwaro mai arha ya cancanci a sa shi gaba da na azurfar Kentaki.

Shi kuma koton ƙarya, mutanen wasu sana'o'i ne suka haife shi. Ana ba da labarin Julio Buel, wanda cokalinsa ya suɓuce ya faɗa tafki a jihar Vermont, ya ga kifi ya kai masa cafka yana walƙiya yana nutsewa. Tabbataccen abu dai shi ne ya yi rajistar koton cokali a 1852. James Heddon na garin Dowagiac a Mishigan mai kiwon zuma ne. An ce yana zaune a bakin tafki yana fiƙe guntun itace, ya wurga shi ruwa, bas ya taso ya buge shi. A 1902 ya riga ya kafa kamfanin kifayen katako masu ƙugiya. Can Finland, wani talakan masunci, Lauri Rapala, ya lura cewa babban kifi ya fi zaɓar ɗan kifin da ke tangaɗi saboda rauni. A 1936 ya sassaƙa toton kwalaba, ya naɗe shi da takardar ƙyalli, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Mujallar Life ta ba da labarinsa a 1962, a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe bayan rasuwarta, wadda aka yi rububin saya, sai oda ta yi wa 'yan kasuwarsa ambaliya.

Amma wanda ya fi sauya al'amarin shi ne Nick Creme, ma'aikacin inji a birnin Akron na Ohayo, wanda a 1949 shi da matarsa suka riƙa dafa roba a kicin har suka fitar da tana mai laushi kamar ta gaske. Ta zo a kan gaɓa. Tun daga shekarun 1930 gwamnati ke datse koguna a kudancin ƙasar, ruwa ya haɗiye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Nan bas ya samu gida, nan kuma kifin katako mai ƙugiya shida ke maƙalewa ya tsinke. Masuntan Teksas suka gano dabara: a zura ƙugiya ta kan tanar, a fito da ita, a juya, a sake binne tsinin cikin jikin robar, a sa ɗan dalma mai siffar harsashi a gaba. Da haka tana ratsa rassa sumul, tsinin ba ya fitowa sai kifi ya haɗiya an fizga. Har yau wannan ɗauri shi ake fara koya wa sabon shiga.

Sanda ita ma ta bar gora da ƙarfe ta koma zaren gilashi a ƙarshen shekarun 1940, sannan kamfanin Fenwick ya kawo ta garafayit a 1973, marar nauyi, mai isar da ɗan taɓin kifi har tafin hannu. Gasar kuɗi da Ray Scott ya fara a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, da masunta 106, ita ta sa aka shiga ware kowace sanda da aikinta: mai tauri don tanar roba a cikin itatuwa, mai lanƙwasa don kifin katako, kada ƙugiya ta yage bakin kifi. Duk da haka, mai sabon kwarkwaro a yau yana fara saiti ne da tsohuwar matsalar Snyder. Zai ɗaura koto, ya ɗaga sanda, ya sake shi, yana murza ɗan maɓallin gefe har koton ya riƙa sauka a hankali, abin naɗin kuma ya tsaya da zarar ya taɓa ƙasa.

Maganar bas mafi girma da aka yi wa rajista kuwa, ranar 2 ga Yuni, 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, wani matashin manomi, George Perry, ya fita neman abin miya a tafkin Montgomery na jihar Jojiya da kifin katako na kamfanin Creek Chub. Ya kamo bas mai nauyin kilo 10.09, aka auna, ya kai gida aka soya aka ci. Shekara 77 ba a samu wanda hukumar rajistar manyan kifaye ta yarda ya kai wannan nauyi ba, sai ranar 2 ga Yuli, 2009, da Manabu Kurita ya fito da mai kilo 10.12 daga tafkin Biwa na Japan, ƙasar da aka kai wa irin kifin daga Amurka a 1925. Tazarar ba ta kai yadda doka ta tanada ba, don haka aka rubuta su kunnen doki. Kurita da ɗan kifi mai rai ya kama nasa.