Gawar Kyaftin Waskow a gindin dutse

Sojojin Amurka fiye da 400,000 ne suka rasa rayukansu a yaƙin duniya na biyu, kuma mafi yawansu ba wanda ya san sunansu in ba dangi da maƙwabta ba. Henry Waskow ya fita daga wannan jeri, ko da yake bai ci wani gari da yaƙi ba. Ɗan manoman auduga ne masu asalin Jamus, ya tashi a Belton, wani ɗan ƙaramin gari na jihar Texas. Ya kammala jami'ar Trinity a 1939 da niyyar zama malamin makaranta, sai yaƙi ya sha gabansa.

A ƙarshen 1943 yana jagorantar wani rukuni na runduna ta 36 a duwatsun kudancin Italiya, kusa da ƙauyen San Pietro, inda Jamusawa suka tare hanyar zuwa Roma. Ranar 14 ga Disamba ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ƙirji. Shekarunsa 25. Wuta ta hana a ɗauko gawarsa har kwana uku.

Mota ba ta hawa waɗannan duwatsu. Alfadarai ne ke kai ruwa da abinci sama, da dare kuma su sauko da gawawwaki ɗaure a bayansu. A haka aka sauko da Waskow cikin farin wata, aka shimfiɗe shi tare da wasu mamatan a gefen wata katangar dutse. Ɗan jarida Ernie Pyle yana tsaye a wurin, ya ga yaransa suna matsowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi zagi don baƙin ciki, wani ya yi masa magana kamar yana ji. Na ƙarshe ya tsuguna, ya riƙe hannunsa tsawon lokaci bai ce uffan ba, sannan ya gyara masa wuyan riga, ya daidaita yagaggen kakin da ke kewaye da raunin, ya tashi ya tafi. Soja ba ya yi wa shugaba haka don tsoron galan da ke kafaɗarsa, balle shugaban da ya riga ya mutu.

Labarin Pyle ya fito a jaridun Amurka ranar 10 ga Janairu 1944. Ba ruwansa da dabarun yaƙi ko kirarin nasara, wataƙila shi ya sa iyayen da ƴaƴansu ke fagen daga suka karɓe shi kamar labarin gidansu. Pyle ya sami lambar Pulitzer a wannan shekara. A 1945 aka yi fim ɗin The Story of G.I. Joe, inda Robert Mitchum ya fito a matsayin hafsan da aka ɗauko siffarsa daga Waskow. Pyle bai ga fim ɗin ba: harsashi ya kashe shi a tsibirin Ie Shima ranar 18 ga Afrilu 1945.

Ba a mayar da gawar Waskow Texas ba. Kabarinsa yana maƙabartar sojan Amurka ta Nettuno, kudu da Roma, cikin kaburbura kusan 7,800. Mutanen Belton kuwa, daga baya, sun sa sunansa a kan wata makarantar sakandare ta garin.