Takin tana don noman rama da kaɗa

Tana ita ce tsutsar nan da muke gani cikin ƙasa mai danshi idan damina ta kankama. Takin tana kuwa kashin da take fitarwa ne bayan ta ci kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Baƙi ne, mai laushi, ba ya wari. Irin da aka fi kiwatawa don wannan aiki wata ja ce ƙarama mai suna Eisenia fetida, wadda ke zama cikin juji.

Amfaninsa ga gonakinmu na jigawa shi ne riƙe danshi. Ruwa ba ya daɗewa cikin rairayi, amma inda aka sa takin nan, shuka na iya jure ƴan kwanakin da ruwan sama ya ɗauke. Rama na buƙatar haka, domin tsawon karanta shi ne tsawon zaren da za mu tuƙa igiya da shi. Ita ko kaɗa, wato auduga, kamar wadda ake nomawa a yankin Gaya, taki mai ƙarfi in ya yi yawa sai ta yi ta ganye, ƴaƴa kaɗan. Takin tana a hankali yake sakin abincinsa.

Ga yadda ake haɗa shi. A samu rami ko rabin tano a ƙarƙashin inuwa, a shimfiɗa busasshen kara a ƙasa. A zuba kashin shanu ko na awaki wanda ya sha iska, domin ɗanye zafi yake yi, ya kashe tsutsar. A yayyafa ruwa yadda in ka matse da hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. A saka tsutsar, a rufe da tsohon buhu. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna.

Babban abokin gaba a nan ƙasarmu shi ne zafi. Tsutsar ta fi son digiri 15 zuwa 25, in ya wuce 35 mutuwa take. Saboda haka mu fara tun lokacin sanyi, daga Nuwamba, takin ya nuna kafin bazara. Mu kuma tsare ta daga kaji da tururuwa.

Ranar shibka, cikin hannu ɗaya a kowane rami, a gauraya da ƙasa. Ƴan uwa da ke ƙasashen waje masu aiko kuɗin buhun takin zamani, ku sanar da na gida: wannan zai rage musu yawan wanda suke saye.